Allurar Nacho

Rogelio Ybarra ya yi shekara talatin da huɗu yana rarrafe a ƙarƙashin motocin bas na birnin San Antonio yana gyara, kuma duk abokan aikinsa sun shaide shi da taurin rai. Inji ya taɓa murƙushe masa ɗan yatsa, ya naɗe shi da tsumma ya ƙarasa aikin ranar. Maciji ya taɓa shigowa gareji, kowa ya haye tebur, shi ya cafke shi da filaya ya kai shi waje. Abu ɗaya ne ya gagare shi a duniya, allura. Ko a talabijin ya ga ana yi wa wani, sai ya miƙe ya ce bari ya duba ko an kulle ƙofar baya. Matarsa Ofelia ce take tasa shi gaba zuwa asibiti sau ɗaya a shekara, yana tafe yana ƙunƙuni.

A shekarar da ya cika sittin da takwas tsohon likitansu ya yi ritaya, aka haɗa su da wata sabuwa, Likita Saldaña. Kallo ɗaya Rogelio ya yi mata ya raɗa wa Ofelia cewa takalmin da ke ƙafarsa ya girme ta. Ta auna jininsa, ta saurari ƙirjinsa, ta yi masa faɗa a kan gishiri, sannan ta juya ga kwamfutarta.

"Mista Ybarra, na duba fayil ɗinka, ban ga inda aka taɓa yi maka gwajin ciwon hanta ba, na B da na C, ko na ƙanjamau."

"Ƙanjamau?" Rogelio ya dafe ƙirji. "Likita, kin ga matar nan da ke zaune? Shekara arba'in da huɗu muna tare. Ko kallon wata ban taɓa yi ba."

"Kallo kam ka yi," in ji Ofelia, tana rungume da jakarta a cinya. "Sauran ne ban sani ba."

Likitar ta danne dariya. "Ba zarginka nake yi ba. Kowane babba ana so a yi masa ko sau ɗaya a rayuwa, don waɗannan cututtukan sukan zauna a jiki shekaru ba a sani ba. Jini ne kaɗan, kwalba biyu."

"Kwalba biyu!"

"Ƙanana ne, ba su kai ɗan yatsanka ba."

A ɗakin ɗiban jini suka tarar da wata nas mai jiki da fara'a, sunanta Loretta. Ta zaunar da shi, ta ɗaure masa hannu da roba, tana lalubar jijiya. Rogelio ya kafa wa bango ido ya shiga ba ta labarin macijin gareji, da ƙarfi, kamar akwai taro.

"To ka ga, Baba, ashe kai jarumi ne," in ji Loretta. "Ɗan tsini kawai za ka ji."

Bai ji ba. Da ya buɗe ido sai ya ga silin, ya ga ƙafafunsa a kan kujera, ga Loretta tana miƙo masa ruwan tuffa a ɗan kwali, ga Ofelia tana yi masa fifita da takardar sanarwar coci.

"Barci ne ya ɗauke ni," in ji shi.

"Haka nan ne, Baba. Kowa ya ji minsharin."

Ranar Juma'a da hantsi sakamako ya shigo wayarsa. Da yake bai taɓa riƙe lambar sirrinsa ba, Ofelia ce ta goge garin tortiya, gurasarsu ta masara, daga hannunta ta buɗe. Na farko lafiya. Na biyu lafiya. Na uku, ciwon hanta na C, an sa masa jan rubutu. Ta karanta sau biyu, ta ajiye wayar a hankali, ta ɗauki sandar murza gari.

"Wace ce?"

"Wa?"

"Kada ka raina mini hankali, tsoho. Mai sayar da furanni ce ta bakin kasuwa? Ko sakatariyar garejinku mai jan farce?"

Rogelio bai ma ji ta ba. Ya zauna a kan kujerar kicin. Ya dubi firjin da ya yi wata uku yana cewa zai gyara, ya dubi hoton jikokinsa da ke manne a jiki, ya ce da wata irin murya da Ofelia ba ta taɓa ji ba, "Akwatin kayan aikina na jikanmu babba ne. Kada ki bar mijin ƙanwarki ya taɓa ko sukudireba ɗaya."

Ana cikin haka aka kira daga asibiti, aka ce Likita tana son ganinsu da yamma.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji Likita Saldaña, bayan sun zauna, kowa yana kallon gefe guda. "Gwajin nan ba ƙwayar cutar yake gani ba, sawunta yake gani. Abin da ya nuna shi ne ta taɓa shiga jininka, jikinka ya yi faɗa da ita. Ko tana nan har yanzu, ko jikin ya kore ta tuni, sai gwaji na biyu zai faɗa mana. In ma tana nan, yanzu akwai maganinta, ƙwaya ce ake sha ta warke."

"Gwaji na biyu," in ji Rogelio. "Da allura?"

"Da allura."

Ofelia ta matso. "Likita, ni ba yarinya ba ce, ki gaya mini gaskiya. Mace ce ta sa masa?"

"Da wuya. Ita wannan ta jini ce, jini zuwa jini. Mista Ybarra, an taɓa yi maka ƙarin jini a shekarun baya?"

"A'a."

"Ka taɓa tsira wa kanka allurar maye, ko sau ɗaya a ƙuruciya?"

Ofelia ta fashe da dariya, karo na farko tun safe. "Shi? Ki tambayi nas ɗinku."

"To zane fa a jiki? Wanda ba a shago aka yi ba?"

Rogelio ya ɓalle maɓalli biyu, ya janye riga daga kafaɗarsa ta hagu. Likitar ta gyara tabarau ta leƙa. Wani abu ne shuɗi-shuɗi, ya dishe, yana da ciki da jela da ƙafafu biyar.

"Kyankyaso ne?"

"Kunama ce," in ji Rogelio, ransa a ɓace.

Sai ya ba ta labari. A bazarar 1973 su huɗu ne samarin layi ɗaya, suna da tsohuwar mota ɗaya tsakaninsu, suka sa wa kansu suna Kunamu. Babbansu Nacho Treviño ya ce ƙungiya ba ta cika sai da tambari, kuma shi ya iya, wani ɗan kawunsa da ya fito daga kurkuku ya koya masa. A garejin mahaifiyarsa aka yi, da allurar ɗinki da aka naɗe da zare, da kwalbar tawada.

"Allura ɗaya duk ku huɗun?"

"Ita ke nan a gidan."

"Yana wanke ta tsakanin mutum da mutum?"

"Ƙwarai kuwa. Yana goge ta a wandonsa."

Likitar ta rufe ido na ɗan lokaci. "Shi Nachon yana ina?"

"Ya rasu, shekara goma sha shida ke nan." Rogelio ya tsaya. "Hanta ce ta kashe shi. Mu dai mun ce giya ce."

"Wataƙila su biyun ne suka haɗu," in ji ta a hankali. "Sauran biyun suna raye? To ka gaya musu su zo a gwada su. Kada ka jinkirta."

Sauran biyun su ne Chebo da Fidencio, kuma duk Lahadi bayan sujadar safe su ukun suke haɗuwa a gidan abincin Doña Socorro su sha farfesun tumbi. Chebo tsohon mai rabon wasiƙa ne, dogo, bakinsa bai da ƙofa, kullum da gorar wani koren ruwan ganye a hannu, yana wa'azin lafiya. Fidencio kuwa shiru-shiru ne, shi ke kaɗa ƙararrawar coci tun shekara ashirin da suka wuce, kunnensa ya tafi fiye da rabi.

Ranar gidan ya cika maƙil. Ofelia tana can teburin mata da ƙawayenta. Rogelio ya bari aka kawo kwanoni, ya matsa lemon tsami, ya zuba albasa, sannan ya sunkuyo ya ce ƙasa-ƙasa, "Jama'a, akwai magana. An ce an ga alamar ciwon hanta a jinina."

"Hanta?" in ji Fidencio, yana juya cokali a kwanonsa. "A'a, tumbi ne. Doña Socorro ba ta sa hanta."

"Tawa hantar nake nufi."

"Ka yi oda ta daban?"

"Ciwon hanta, Fidencio! A jinina! Daga allurar Nacho!"

Cokula suka tsaya a duk faɗin gidan. Wata tsohuwa a teburin kusa ta yi alamar gicciye. Chebo ya sa hannu biyu ya janye kwanonsa can ƙarshen tebur.

"Ba a kwano ake ɗauka ba, sakarai," in ji Rogelio. "Shekara hamsin kana tsoma tortiyarka a romona. Likita ta ce ku ma ku je a gwada ku."

"Ni?" Chebo ya doki cikinsa, ya yi ƙara kamar ganga. "Dube ni da kyau. Shekara talatin ina taka garin nan da ƙafa. Karnuka tara suka cije ni, ba wanda ya ƙara lafiya a cikinsu. Kai ne dai jininka ya tsinke, tun muna yara. Wa ya faɗi a garejin Nacho kamar buhun wake tun ba a gama jela ba?"

"Kai aka fara yi wa bayan Nacho ya yi wa kansa. Daga kai sai ni, daga ni sai Fidencio. Duk abin da ke allurar nan kai ka fara sha."

"Na sha na narkar."

Duk wannan Fidencio yana bin bakinsu da ido, har ya gane inda aka dosa. Ya ajiye cokali, kunnuwansa suka yi ja.

"Ni ba sai na je ba," in ji shi.

"Don me?"

"Ba Nacho ne ya yi mini ba." Ya dubi kwanonsa. "Da Rogelio ya faɗi kuna ta zuba masa ruwa, na ce zan zagaya, na haure katanga na gudu gida. Wata guda ina sa riga mai dogon hannu. Da muka je garin Corpus Christi wajen gwaggona na shiga shago aka yi mini."

Chebo ya miƙe tsaye. "Shi ya sa! Shi ya sa taka take da ƙafa takwas! Shekara hamsin muna cewa hannun Nacho ya faɗa ne a kanka, ashe maci amana ne kai!"

"Na faɗa wa Fada, limamin cocinmu, a ikirari tun a lokacin."

"Fada ɗan ƙungiya ne?"

Doña Socorro da kanta ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Gajeriya ce, ta binne maza biyu, ba wanda ke ja da ita a layin. Ta ce ta ji komai, kamar yadda kowa ya ji har masu jiran bas a waje, kuma daga yau ba wanda za a zuba wa farfesu a cikin su ukun sai ya nuna mata auduga manne a hannunsa.

"Har ni?" in ji Fidencio.

"Kai naka horo ne."

A mota, kan hanyar gida, Ofelia ta jingina da taga. Tana ta murza ɗan kunnenta. Sai da suka wuce fitilar hanya biyu ta ce, "Talata ni ma zan bi ku."

"Ai dole, wa zai tuƙo ni gida."

"Gwajin za a yi mini."

Rogelio ya saci kallonta. Tun Juma'a abin da ke cinsa ke nan, bai iya faɗa ba. "Kina ganin na sa miki?"

"Abu biyu ne, kuma kada ka yi ihu. Na farko, rezarka ta aski. Da ita nake aske ƙafafuna."

"Tun yaushe?"

"Tun satin bikinmu."

"Shekara arba'in da huɗu ina zagin kamfanin reza! Har wasiƙa na rubuta musu!"

"Na ce kada ka yi ihu. Na biyu," ta ja numfashi, "hujin kunnena. Nacho ne ya yi mini. Da allurar nan, ranar nan, bayan ya gama da ku. Ya sa ƙanƙara, ya tokare bayan kunnen da dankali."

Rogelio ya taka birki, ya gangara gefen titi a gaban wani shagon taya, ya kashe mota.

"Me ya kai ki garejin Nacho?"

"Muna ɗan fita tare a lokacin."

"Da Nacho?"

"Sati uku ne kawai."

"Nacho mai haƙorin gwal? Nacho da ya ci naman bikinmu, ya yi rawa da uwata? Ni na ɗauki akwatin gawarsa, Ofelia! A gaba, ta dama, inda ya fi nauyi! Na yi kuka a gaban mutane!"

"To ka je maƙabarta ka karɓo kukanka."

"Sati uku! Me kuka yi a sati ukun?"

"Ya kai ni sinima sau biyu, sau biyun ya yi barci. Ya huda mini kunne, ɗaya sama ɗaya ƙasa, dubi, har yau 'yan kunnena ba sa daidaita. Shi ke nan tarihin." Ta juyo ta dube shi. "Kana tsammanin a wurin rawar coci muka fara haɗuwa, ko? Nan ne kai ka fara ganina. Ni na riga na gan ka. Wa kake tsammanin ta kawo ruwan da aka zuba maka? Na shigo da bokiti na tarar da wani siririn yaro a ƙasa, baki buɗe, takalmi ɗaya ya fita. Na ce a raina, wannan in ba a samu mai kula da shi ba, ba zai kai shekara talatin ba."

Rogelio ya daɗe yana kallon tayoyin da aka jera a gaban shagon. Yana so ya ci gaba da fushi, amma abin ya ƙi kamawa.

"Sau biyun ya yi barci?"

"Har da minshari."

Ya tada mota. Sai dai ranar bai ci abincin dare ba, don a san ya yi fushi, kuma washegari ya sayo reza biyu, ya rubuta sunansa a jikin ɗaya.

Talata da safe su huɗun suka jeru a gaban Loretta. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan Rogelio.

"Baba mai maciji! Yau da rundunarka ka zo?"

Chebo ne ya fara, ya ƙi zama ma sai da aka tilasta shi, yana kallon jinin yana hawa kwalba yana cewa ta duba kalarsa, ko ta taɓa ganin irinsa. Fidencio ya rufe ido yana addu'a, an gama bai sani ba. Da aka zo kan Rogelio, Loretta ta kwantar da shi a gado tun kafin ta fito da komai, ta sa Ofelia ta riƙe masa ɗaya hannun, ta ce ya lissafa mata sassan injin bas tun daga gaba. Yana kan bayanin famfon mai ta ce an gama. Ya tashi zaune, ya dubi audugar, ya dubi Chebo.

"Ka gani? Ko gezau."

Ya sauko da ƙafarsa, ya tsaya a bayan matarsa don ya ba ta ƙarfin gwiwa. Ya dafa kafaɗarta ya ce, "Kada ki ji tsoro, tsohuwa, ɗan tsini ne kawai." Sai ya yi kuskure ya leƙa, ya ga allurar tana shiga hannun Ofelia. Fidencio ne ya tare shi kafin kansa ya kai ƙasa.

Sati ya zagayo, sakamako ya fito. Ofelia ba ta da komai, ko sawu. Fidencio ma haka. Rogelio kuwa Likita Saldaña ta ce babu ƙwayar cutar a jininsa, jikinsa ya kore ta da kansa, wataƙila tun yana saurayi. Wasu mutane sukan yi wannan sa'ar. Ya fito daga ofishin yana tafiya kamar ya ci dambe. Tun a wurin ajiye motoci ya kira Chebo don ya fara yi masa tsiya. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake kira da rana, shiru. Ranar Lahadi kujerar Chebo a gidan Doña Socorro ba kowa.

Bayan sun ci, Rogelio ya sa aka zuba farfesu a roba, shi da Fidencio suka nufi gidansa. Suka same shi a bayan gida, zaune a kujerar ƙarfe a ƙarƙashin bishiya, da singileti, bai yi aski ba. Tun da matarsa ta rasu shi kaɗai ne a gidan. Gorar koren ruwan tana ƙasa a kife.

"Tana nan," in ji Chebo, ba tare da ya ɗago ba. "An sake gwadawa, tana nan da ranta. Sun ɗora mini wata na'ura a ciki, sun ce hantar ta fara tabo." Ya share fuska da tafin hannu. "Shekara hamsin, Rogelio. Ban taɓa jin ko ciwon kai ba. Na tuna yadda Nacho ya koma a ƙarshe, ido rawaya, ciki kamar tulu. Muna tsaye a kansa muna ce masa ya daina giya."

Rogelio ya jawo bokiti ya kife ya zauna. Duk tsiyar da ya tanada ta gudu. Ya buɗe robar ya miƙa masa.

"Nacho ba wanda ya gwada shi. Kai an gwada ka. Me likitar ta ce?"

"Ƙwaya, kullum, sati goma sha biyu. Ba giya ko kurɓi. Ta ce kusan kowa yana warkewa."

"To kukan na mene ne?"

"Ni ba kuka nake ba. Barkono ne."

"Ba ka ko ɗauki cokalin ba."

"Me ya ce?" in ji Fidencio.

"Ya ce zai warke!"

"To madalla. Ni na ɗauka ya ce zai yi aure."

Chebo ya yi dariya ba da son ransa ba, har ya ƙware. Ya karɓi cokalin ya fara sha. Ya kai rabi sai ya ɗago, wani tunani ya faɗo masa, idonsa ya fara dawowa daidai.

"Amma ku tsaya. Shekara hamsin abu yana cin hantata, ina raba wasiƙa a rana, ina gudun karnuka, ban faɗi ba. Wace irin hanta ce wannan? Kai taka ko baƙuwar ba ta iya zama a ciki ba, ta leƙa ta ga ba abin ci ta fita."

"Chebon da muka sani ya dawo," in ji Rogelio.

Sati goma sha biyun nan Rogelio ya ɗauke su kamar aikin gareji. Kullum ƙarfe takwas na safe yana ƙofar Chebo, sai ya ga ƙwayar ta wuce maƙogwaro yake tafiya. Shi ma ya ajiye giya don kara, ko da yake Ofelia ta ce ta ga gwangwani biyu a bayan injin yankan ciyawa. Chebo kuwa ya sami sabon wa'azi. Ya tuna cewa Nacho bai tsaya kan Kunamu ba, rabin samarin unguwar ya yi wa zane a shekarun nan, kuma wa ya fi tsohon mai rabon wasiƙa sanin inda kowa yake zaune? Gida-gida ya bi su, yana ƙwanƙwasa ƙofa yana cewa tsofaffi su tuɓe riga. An rufe masa ƙofa a fuska sau uku, wata mata ta bi shi da tsintsiya. Duk da haka ya kai mutum goma sha ɗaya wurin Loretta, aka sami biyu da cutar, aka ɗora su a kan magani.

Wata uku bayan ya shanye ƙwayar ƙarshe aka sake ɗibar jininsa. Likita Saldaña ta ce ta tafi, ba ko ɓurɓushi, sai dai za a riƙa duba hantar lokaci-lokaci saboda tabon. Chebo ya ce shi ba ya yarda da maganar baki, a buga masa a takarda, da sa hannu. Ya kai aka sa takardar a gilashi da katako mai ruwan gwal, ranar Lahadi ya zo da guduma da ƙusa ya kafa ta a bangon gidan Doña Socorro, daidai saman teburinsu.

Kwana biyu ta yi a wurin. Doña Socorro ta sauke ta da hannunta, ta ce mutane tumbi suke zuwa ci, ba wanda yake son karanta labarin hantar wani yana tauna. Chebo ya yi rantsuwa ba zai ƙara taka gidan ba. Lahadi mai zuwa ya riga kowa zuwa, ya yi odar babban kwano, ya jingine takardar a kujerar da ke kusa da shi tana fuskantar ƙofa.